Shanun Huɗar Yaya da Tikitin Jirgina

A fanninmu, wato lissafin da kwamfuta ke tsaye a kansa, ba da littafi ake sanin mutum ba, da taro ake saninsa. Za ka rubuta hujjarka ka aika, wasu mutum uku da ba za ka taɓa jin sunansu ba su yi mata kaca-kaca, in ta tsira sai a ce ka zo da ƙafarka ka tsaya gaban jama'a ka kare ta. In ba ka zo ba, a zare takardar daga kundin taron kamar ba a taɓa rubuta ta ba. Ina da shekara talatin da ɗaya, ƙaramin malami a jami'a, ina fama da digiri na uku, aka karɓi takardata ta farko. Taron a wani birni za a yi shi can Turai. Shekarar kuwa ita ce ta biyu a jere da ruwa ya juya wa ƙasarmu ta Gobir baya.

Masu taron suna da wani tallafi na kuɗin tafiya don masu bincike 'yan tasowa, musamman irinmu da muka fito daga ƙasashen da ba su da shi. Na nema, aka ba ni. Wasiƙar shafi biyu ce. Shafin farko yana taya ni murna, yana cewa za su ɗauki nauyin jirgi da masauki da abinci. Shafi na biyu, da ƙananan haruffa, yana cewa ni zan fara biyan komai daga aljihuna, in tara rasidai da gutsuren takardar shiga jirgi, in aika musu bayan taro, su kuma su mayar mini da kuɗina cikin wata uku zuwa shida. Har yau in na tuna wanda ya zauna ya ƙirƙiro wannan tsari raina yakan ɓaci. Taimakon talaka ne da sai mai kuɗi ke iya miƙa hannu ya karɓa. Na daɗe ina zagin mutumin nan da ban sani ba, kuma na san dalilin da ya sa zagin yake mini daɗi, domin muddin ina zaginsa ba na duban kaina.

Na yi zarya a ofisoshin jami'armu har takalmina ya buɗe baki. Kullum takardata tana kan teburin oga, oga kuma ya yi tafiya. Albashina na wata biyar gaba ɗaya ba zai sayi tikitin ba. Sai na hau mota zuwa Sabon Birni, daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa ƙauyenmu, gaba kaɗan da Gangara.

Lokacin ya kamata a ce gero ya kai gwiwa. Abin da na gani a hanya rairayi ne da 'yan tsirrai da suka ƙone a tsaye. An yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, ruwa ya sauka sau ɗaya, shuka ta fito ta mutu. An sake shuka da ɗan irin da ya rage, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Rumbunan gidanmu uku duk an share su da tsintsiya. A tsakar gida na tarar da tukwane an jiƙa 'ya'yan anza, ana ta sake musu ruwa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu abin kaiwa baki.

Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare. Yayana, wanda ya girme ni da shekara tara, shi ya karɓi gona, shi ya hana a cire ni daga boko. Yana da shanun huɗa biyu, ja da baƙi, waɗanda ya raina tun suna maruƙa. A shekarar kirki yana yi wa mutane huɗa da su. A wannan shekarar da babu abin huɗawa, sai ya ɗaura musu amalanke, kullum da asuba ya tafi rijiyar fadama mai nisa ya ciko jarkoki ya sayar a gari. Da wannan ruwan ake sayo tiyar masara, da tiyar masarar nan mutum tara ke kwana da wani abu a ciki: shi, da matarsa, da 'ya'yansu shida, da Inna mahaifiyarmu. Shanun sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, amma suna tsaye. Na ga Yaya da idona yana zare tsohuwar ciyawar jinkar ɗakinsa yana ba su.

Yaya bai taɓa fahimtar aikina ba, kuma bai taɓa fasa tsokanata a kai ba. Na taɓa yi masa bayani cewa ni ba na gyaran kwamfuta, ba na sayar da ita, ina kafa hujja ne a takarda cewa akwai tambayoyin da duk wayon na'ura ba za ta amsa su da sauri fiye da wata iyaka ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Ashe kai aikinka ka gano abin da ba shi yiwuwa? Da ka tambaye ni, Malam, da na hwaɗa maka goma kyauta.”

Akwai abu ɗaya da ya kamata a sani game da gidanmu. Tun ina aji huɗu ni ne mai karanta takarda. Katin asibiti, takardar haraji, wasiƙar 'yan ci-rani, duk a hannuna suke buɗe baki. Abin da na ce takarda ta ce, shi ta ce. Ba a taɓa kai wa wani ya sake dubawa ba, domin yin haka cin mutunci ne ga ɗan gida. Na san wannan sarai, kuma da shi na zo.

Ban nemi Yaya mu keɓe ba, don na san in mu biyu ne zai iya ce mini a'a cikin ruwan sanyi, in kuma rasa ta cewa. Sai na jira bayan la'asar, lokacin da Inna ke zama a tabarma a ƙofar ɗakinta, shi kuma ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. A gaban Inna, Yaya bai san kalmar a'a ba. Na fito da wasiƙar, na fara karanta ta da Turanci da ƙarfi, a hankali, ba don wani zai ji ba sai don ta yi musu nauyi a kunne.

“To, mi sunka ce?” in ji Yaya.

“Sun ce in biya kuɗɗin jirgi in taho. In na komo da sati biyu, su maido min dut, har da na abincin da nic ci.”

Ya yi wasa da ƙasa da yatsa. “Su da ad da kuɗɗi, mi ya hana su ba ka tun yanzu?”

“Hakanan al'adassu take. Sai sun ga mutum da ido.”

“Kuma ina za mu samo kuɗɗin jirgi cikin wagga shekara?”

Na dai juya na dubi turken shanu, na bar idona a can har kowa ya bi shi da kallo. Inna ce ta yi mini aikin, kamar yadda na lissafa tun a mota.

“Nasara ba su ƙarya ga takarda,” ta ce. “Sati biyu na, ba shekara ba. Kai na babba, kai na uba nai. In ba ka yi mai ba, wa za shi yi mai?”

Matar Yaya tana gefe tana tsince anza. Abokiyar wasata ce, bakinta kuma ba ya da linzami. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, “Mijina ɗan boko, takarda biyu nig gani hannunka. Guda kak karanta muna.”

Fushi ya taso mini. Na ce ta biyun adireshi ne kawai. Sannan na tashi na je har gabanta na miƙa mata shafin a kife, ƙasa a sama, na ce, “Amshi, malama, ki karanta muna da kanki, tunda mun samu mai ilimi a gida.” Yara suka fashe da dariya. Inna ta ce mata ta kama bakinta, maza na magana. Ta riƙe takardar na ɗan lokaci a yadda na ba ta, ta miƙo mini, ta koma kan anzarta. Ban taɓa jin ƙyamar kaina kamar a wannan lokacin ba, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ranar kasuwar Sabon Birni muka koro shanun tun da sassafe. Kara, wurin cinikin dabbobi, ta cika maƙil, kowa ya kawo dabbarsa yana neman rabuwa da ita kafin ta mutu a hannunsa. Fulani da garkensu, manoma da 'yar tunkiya ɗaya. Masu saye kuwa 'yan kaɗan ne, suna zaune a inuwar tirela suna shan shayi, ba sa ko tashi. Dillali ya taya, Yaya ya ce albarka. Ya sake tayawa, Yaya ya ce albarka. Har rana ta take tsaka ba a ƙara abin kirki ba. Na matsa kusa da shi na ce masa a kunne gobe ce ranar ƙarshe ta sayen tikiti mai sauƙi, wanda wannan kam gaskiya ne. Ya sallama. Ya kwance igiyoyinsa daga hancinsu da hannunsa, ya shafa wuyan jan, bai shafa baƙin ba saboda an riga an ja shi. Ya damƙa mini kuɗin a leda ba tare da ya dube ni ba.

“Allah shi kai ka lahiya, Malam. Ka hwaɗa musu abin da ba shi yiwuwa da kyau.”

Zan so in ce a can Turai na kasa cin abinci saboda tunanin gida. Ƙarya ne. Na ci na ƙoshi, na ƙara. An sa jawabina a ranar ƙarshe bayan abincin rana, a wani ƙaramin ɗaki, mutum goma sha huɗu, biyu suna gyangyaɗi. Minti ashirin aka ba ni. Da na gama, wani tsohon farfesa mai rigar sanyi da ta huje a gwiwar hannu ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko dabarar da na yi amfani da ita a mataki na uku za ta yi aiki a wata matsala da ta fi tawa girma. Muka tsaya a gaban allo har masu shara suka kore mu. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba. Wani ya fahimci abin da ke kaina, ya kuma ga yana da amfani. Ko sau ɗaya shanu ba su faɗo mini a rai ba. Abin da nake tattali kamar laya shi ne ambulan ɗin rasidai a aljihun ƙirjina.

Na dawo da tsarabar alewa da ta narke a hanya, da jakar taro mai tambari wadda na ba Yaya. Sati biyu suka wuce. Wata ya wuce. Yaya ya fara ɗaukar ruwa a kafaɗa, sanda ɗaya da garwa biyu, daga wannan rijiyar mai nisa. Abin da amalanke ke kawowa a sawu ɗaya, shi sai ya yi sawu shida bai kawo ba. Aka kai ƙananan yara uku wurin kakanninsu na wajen uwa a Bafarawa, waɗanda su ma ba su da shi. Duk wanda zai zo Sakkwato daga ƙauyenmu sai Yaya ya ba shi saƙo ɗaya: a gaida Malam, a tambaye shi ko Nasara sun yi magana.

A wata na biyar kuɗin suka shigo, cif, ba su rage ko sisi ba. A wannan satin kuma aka karɓi takardata ta biyu, wadda muka rubuta da tsohon farfesan, a wani taro da ya fi na farko daraja. An sake ba ni tallafi. Shafi biyu, irin na da.

Na zauna a bencin banki na fi awa ɗaya. Ni mai kafa hujja ne, sana'ata ke nan, don haka na kafa wa kaina ɗaya mai kyau. Shanu sun mutu da yawa a farin nan, farashinsu ya ninka, kuɗin nan yanzu ba za su sayi biyu ba, da ƙyar ɗaya. Sa ɗaya ba ya huɗa. Damina kuma da saura. In na juya kuɗin sau ɗaya tak, za su dawo kafin ruwa, ga canji yana hawa, sai in saya wa Yaya manya biyu da sabuwar garma. Babu kuskure a ko wane mataki. Na tashi na sayi tikiti, na aika wa Yaya cewa Nasara sun ce a ƙara haƙuri.

Kuɗin suka dawo, aka kuma karɓi takarda ta uku. Daga nan ban ƙara zama a benci ina kafa hujja ba, abin ya zama jiki. Shanun Yaya sun kai ni ƙasashe biyar. Da su na gama digiri, da su aka ƙara mini girma, da su na fara zama a kujerar masu yi wa takardun wasu kaca-kaca. Lokaci-lokaci nakan aika buhun masara gida, a yi ta sa mini albarka, ana cewa Malam bai manta da gida ba. Ina karɓar albarkar hannu biyu. Inna ta rasu a shekara ta uku tana ja wa Nasara Allah ya isa, kuma duk lokacin da ta ja a gabana nakan ce amin tare da kowa.

Za a tambaya me ya hana ni biya daga baya, da hannuna ya buɗe. Na tambayi kaina. Da farko aure ne, sai haya, sai mota. Kullum akwai wata mai zuwa. Amma gaskiyar ita ce Yaya ya daina tambaya, shirun kuma ya yi mini daɗi. Da ruwa ya dawo, da hauya ya noma abin da ya iya, sauran gonar ya ba da aro. Da rani ya tafi ci-rani kudu yana ga-ruwa, daga baya ya koma haƙar rijiya. Ya dawo da baya a tanƙware da tari wanda ba ya jin magani. Da na ga haka sai na samu sabon uzuri, na ce ai ko an sayo shanun yanzu ba zai iya riƙe garma ba. Matarsa kuwa ta daina wasa da ni kwata-kwata. In na zo ta gaishe ni da ladabi, ta ajiye ruwa, ta wuce.

Shekara shida bayan kasuwar nan, a wata daminar da ita ma ta yi gardama, aka aiko mini cewa Yaya yana nemana, in zo da takarda da biro. Na iso da hantsi. An shimfiɗa masa tabarma a zaure don iska. Ya zama ƙashi da fata, numfashinsa yana fita da ƙara. Matarsa na zaune daga bakin ƙofa tana yi masa fifita da faifai.

“Zamna, Malam. Wasiƙa za ka rubuta min, zuwa ga Nasaran nan naka. Ka sa da Turanci yadda za su ji.”

Na zauna, na ɗora takardar a gwiwa. Ya fara faɗa, yana tsayawa yana tari, ni kuma ina rubutawa.

“Ka ce ina gaishe su, da su da iyalansu. Ka ce ni na wan yaron ga da sunka kira, shekarun baya. Ka ce na gode da sunka saurare shi, don mu nan ba mu san darajar abin da shi kai ba. Ka ce zancen kuɗɗin nan, na san mutum ba shi riƙe haƙƙin wani sai da dalili. Wataƙila su ma hwari ya taɓa su, ba mu da labari.”

Ya huta.

“Ka ce ni tahiya ta taho min. Ban son in tsaya gaban Ubangiji in iske an tsai da wasu bayin Allah sabili da ni, mutanen da ko hannu ba mu taɓa gamawa ba. Ka ce Nasaran da sunka yi taron nan, na yahe musu, duniya da lahira.”

Nan ne ya kamata in ajiye biro in faɗa. Bakina ya buɗe ma. Amma abin da ya fito daban ne, kuma shi ne abu mafi ƙasƙanci da na taɓa yi, ya fi na shafin da na miƙa a kife. Na gyara murya irin ta mai ba da shawara na ce, “Yaya, ka san wurin nan mutane na canzawa, waɗanda sunka yi taron wataƙila sun bar aiki. Bari mu sa shi da hwaɗi. Mu ce dut wanda kuɗɗin ga ke hannunai, ko wane na, ka yahe mai.”

Faifan matarsa ya tsaya.

Yaya ya juyo da kansa a hankali ya dube ni. Ba da fushi ba, ba kuma da tambaya ba. Ya daɗe yana dubana, har na sunkuyar da kai ina kallon layin da na rubuta.

“A'a, Malam,” ya ce. “Rubuta yadda nih hwaɗi. Su nay yahe ma.”

Na rubuta yadda ya faɗa. Ya sa na shafa masa tawadar biro a babban yatsa, ya dangwala a ƙasan takardar. Sannan ya juya fuskarsa bango, ya ce wa matarsa ta dama mini fura, na sha hanya.

Ta dama ta kawo, na sha. Kwana tara bayan nan ya rasu, ban ƙara samun ya dube ni ba.